Mota mai jikin alminiyom a Yamai: in saya ko in haƙura?

Ɗan Galmi ya rubuta:

Assalamu alaikum ƴan uwa. Shawara nake nema, kuma zan ɗauko zancen tun daga tushe don ku gane abin da ya sa nake ɗari-ɗari.

Fataucin albasa nake yi. Gidana yana Lazare nan Yamai, amma iyaye da gonaki suna can wajen Galmi, kuma wata ba ya ƙarewa ban yi hanya ba: Doso, Dogon Dutsi, Ƙonni, in shiga Galmi, wani lokaci in dawo ta Tsarnawa in hau Tawa wurin surukaina. Shekara tara ke nan ina bisa wata tsohuwar Prado. Ta yi mini hidima, Allah ya sani, amma yanzu in na sauka sai na kwana biyu ina jin bayana. Kwanan nan wani dillali da muka daɗe tare ya kawo mini Range Rover ƙirar 2014, daga Baljik ta shigo, an gama mata duwan, kuma kuɗin da aka yanka bai kai na Land Cruiser V8 mai shekarunta ba. Mun hau mun ƙetare Gadar Kennedy zuwa Harobanda muka dawo. Ban taɓa zama cikin mota mai laushi irin wannan ba.

Da muka tsaya sai dillalin ya ƙwanƙwasa ƙofar da yatsa ya ce: "Alhaji, duk jikinta alminiyom ne, wannan ba ta san tsatsa ba." Shi yabo yake yi, ni kuwa gabana ne ya faɗi, don na taɓa ganin abin da alminiyom ke yi a hannun mai gyara.

Bara waccan, lokacin bikin ƙanwata, aminina ya ara mini Audi A8 ɗinsa don ɗaukar amarya. Washegari wajen Wadata wani ɗan kabu-kabu ya goga wa ƙofar baya, ta lotsa kamar faɗin tafin hannu. Kayan aro ne, na ji nauyin in maida ta haka, sai na kai ta wurin tolye, mai buga jikin mota, da ke yi mini Prado. Ya cire rufin cikin ƙofa, ya yi ta bugu daga ciki, lotsawar ta ƙi tashi. Sai ya kunna shalimo, wutar nan ta walda mai gas. Ina tsaye a kansa. Jira yake wurin ya yi ja yadda ya saba gani, wurin kuwa bai yi ja ba, fenti ne kawai ya ƙone. Can sai na ga wurin ya yi wani ƙyalli, ya yamutse, ya zube kamar man shanu a rana. Rami ya buɗe, yatsu uku suna shiga. Mutumin ya ajiye shalimo ya dafe kai. Ƙarshenta ƙofa sukutum aka aiko daga waje, mota ta yi wata biyu da rabi a ajiye, ribar kakar albasa ta wannan shekara rabinta can ta tafi. Aminina bai taɓa yi mini gori ba ko sau ɗaya, kuma shirun nan nasa ya fi damuna fiye da kuɗin.

To ga abin da nake son sani. Me masu ƙera manyan motocin nan suka gani a jikin alminiyom har suka bar baƙin ƙarfe? Zancen rashin tsatsa gaskiya ne? Yana jure gargadar hanyoyinmu? Ba ya ƙara zafi a cikin mota a watan Afrilu? Sannan babbar tambayar: in ta bugu, kuma a Yamai mota ba ta shekara ba a goga mata ba, wa zai gyara? Wanda ya riƙe irinta ko ya yi aikinta da hannunsa ya taimaka mini. Ranar Asabar na ce wa dillali zan ba shi amsa.

Baba Tolye ya rubuta:

Wa alaikumus salam Alhaji. Ɗana ne ke rubutawa, ni ke faɗa. Shekarata arba'in da ɗoriya ina buga jikin mota, kuma abin da ya sami ƙofar amininka na san shi, don ni ma a farko na ɓata kapo ɗin wani bawan Allah ta wannan hanya. Kada ka riƙe tolyenka a zuciya. Abin da aka koya masa ya yi, sai dai ba a kan abin da aka koya masa ba.

Baƙin ƙarfe yana tuna siffarsa. In ya lotsa ka taimaka masa kaɗan daga ciki, sai ka ji ya yi ɓas ya koma inda ya fito. Alminiyom ba haka yake ba. Inda aka lanƙwasa shi nan yake zama, kuma kowane bugu ƙara masa tauri yake, har ya kai inda zai tsage. Ɗauki gwangwanin lemo ka lanƙwasa gaba da baya sau biyar ka ga abin da zai faru. Shi ya sa ba a yi masa bugun ƙarfi. Turawa ake yi a hankali, ana lallashi, da guduma ta katako ko ta roba. Aikin da zan gama kafin azahar a kan ƙarfe, a kan alminiyom sai ya ci mini yini biyu.

Zancen wuta kuwa, nan ne mutanenmu ke faɗawa. Ƙarfe yana gaya maka halin da yake ciki: ya yi shuɗi, ya yi ja, ya yi jawur, sai zafi ya kai wajen digiri 1500 yake narkewa. Alminiyom a 660 ya zama ruwa, kuma har ya kai can launinsa ba ya sakewa ko kaɗan. Harshen shalimo ya wuce 3000. Sannan yana da wata fata siririya a samansa wadda ba ta narkewa sai zafi ya haura 2000. Ka ga cikin ya riga ya zama ruwa, fatar ce kawai ke riƙe da shi kamar salka. Ƙyallin nan da yamutsewar da ka gani, ita ce. Da ta fashe sai rami. Mu yanzu da injin hura iska mai zafi muke ɗumama wurin, da ma'aunin zafi a ɗaya hannun, kuma ni ba na barin ya wuce 200. Zamanin tsofaffin Land Rover muna goga sabulu a wurin, in ya yi baƙi mun san ya yi laushi, a janye wuta. Dabarar ta yi aiki a kan waccan tola, amma ta motocin yanzu an gasa ta tun a masana'anta don ta yi ƙarfi, in ka sake gasa ta ka kashe mata ƙarfin, ko da ido bai nuna ba.

Walda kuma sai da iskar argon. Kwalbar tana da tsada, injin yana son wuta tsayayya, kuma yana son ɗaki rufaffe. A garajinmu na fili, in iskar hunturu ta kaɗa sai ta kwashe argon ɗin daga bakin walda, aikin ya fito da ƙananan ramuka kamar gidan zuma. Akwai masu yi a Yamai, ban ce babu ba, amma yawancinsu janti da radiyata da bututun kilim suka saba yi. Tola mai kaurin milimita ɗaya da ɗan wani abu, wadda za a yi wa fenti ta yi ƙyalli, wani hannu ne daban.

Wani abin da ba a kula da shi: kayan aiki. Burushin waya ko faifan gurza da ya taɓa ƙarfe bai kamata ya taɓa alminiyom ba. Ƙurar ƙarfe tana nutsewa a cikinsa, a yi fenti a rufe, damina ɗaya ta wuce sai ka ga fentin ya kumbura kamar borin jini, in ka fasa farin gari ne a ciki. Haka in aka ɗaura masa bulon na ƙarfe tsirara ba tare da abin da zai raba su ba. To dillalinka ya yi gaskiya rabi. Ba ya jan tsatsa, amma yana da tasa cutar, fara ce, kuma yawanci hannun mai gyara ke kawo ta.

Yanzu ga abin da na fi so ka riƙe. Motocin nan iri biyu ne. Akwai wadda ƙashinta ƙarfe ne, kapo da ƙofofi da fikafikai ne kawai alminiyom. Wannan da sauƙi: abin ya lalace, a kwance bulon a sa wani. Akwai kuma wadda ƙashin kanta alminiyom ne, kuma Range Rover ɗin da aka kawo maka tana cikinsu. Ba walda ce ta haɗa ta ba, rifit ne dubbai da gam mai ƙarfi, sannan wuraren da ƙafafu ke ɗaure zubi ne aka yi. Ka san yadda muke miƙe mota in ta ci karo: sarƙa, jak, wuta, a ja har ƙofa ta rufu. Wannan ba a yi mata haka. Abin da aka yi da zubi ba ya lanƙwasa ya dawo, tsagewa yake. Wuta tana sakin gam. Ƙa'idarta a cire ɓangaren da ya bugu a sa sabo, da rifit da gam irin nata, a kan teburin awo. In aka yi mata irin namu za ta fita tana sheƙi, amma ranar da ta sake cin karo da iyalinka a ciki, ba za ta kare su yadda aka gina ta ta kare ba. Ni motar da ƙashinta ya taɓu ba na karɓa, ko nawa za a ba ni.

Kuma mota daga Turai mai araha fiye da kima, ka tambayi kanka dalili. Can ma gyaran alminiyom tsada gare shi, shi ya sa wadda ta yi haɗari sau da yawa sayar da ita ake yi, wani ya lallaɓa ta ya turo mana. Dabarar maganaɗisu da ake bin jikin mota don a gano inda aka cika mastik, a nan ba ta da amfani, don ko'ina ka sa ba zai kama ba. Sai ma'aunin kaurin fenti, kuma wanda ke karanta alminiyom. Kada ka ba da ko dala sai an ɗaga ta sama an cire robobin ƙasa. Ka dubi layin rifit: na masana'anta a jere suke, kansu ɗaya, tazararsu ɗaya. Inda ka ga walda a tsakiyarsu, ko bulon, ko rifit irin na masu haɗa taga, an taɓa wurin. Nemi takardar wanda ya gyara. Babu takarda, ka yi musu sallama.

Malamin Makanikanci, Yantala, ya rubuta:

Baba, Allah ya ƙara girma, ba ni da abin da zan cire a maganarka. Amma Alhaji ya tambayi amfanin, kuma kada mu bar shi da tsoro kawai, don abin yana da amfani na gaske.

Alhaji, ɗauki ƙarfe da alminiyom masu girma ɗaya: in na alminiyom ya yi kilo 2.7, na ƙarfe zai yi wajen 7.8. Kusan kashi ɗaya cikin uku ke nan. Sai dai shi ma saurin lanƙwasarsa ya ninka na ƙarfe sau uku, dole a ƙara masa kauri, shi ya sa ragin da ake samu a jikin mota ba ya kai kashi biyu cikin uku, yana tsayawa wajen kashi 40 cikin ɗari. Range Rover irin taka da ta fito a 2012 ita ce ta farko cikin manyan motocin daji da aka yi wa ƙashi duka na alminiyom. Kamfanin ya ce gangar jikin ta ragu da kashi 39 cikin ɗari, kuma wani samfurin ya fi wanda ya gada sauƙi da kilo 420, amma wannan lissafin ya haɗa da ƙaramin injin da aka sa masa. Kai mai albasa ne, ka san abin da buhu uku ko huɗu ke yi wa mota a bayanta. To ka ɗauka an sauke su har abada. Birki ya fi kamawa, taya ta fi daɗewa, mota ta fi bin hannu a kwana, ta fi saurin tashi. Babbar mota cike take da kujerun fata, injinan lantarki, gilashi mai kauri, abin hana ƙara. Duk nauyi ne, dole a rage shi a wani wuri. A karo kuma, in an auna kilo da kilo, alminiyom ya fi ƙarfe shanye bugu kafin ya iso ga mutum, muddin ba a taɓa ɓata shi ba kamar yadda Baba ya faɗa.

Abin ba sabo ba ne. Honda NSX ta 1990 da shi aka yi ta, Audi A8 ta biyo a 1994, Jaguar XJ ta 2003 ita ta yi fice da rifit da gam, har Ford ta maida jikin F-150 alminiyom a 2015, kuma wannan motar aiki ce a Amurka.

Sai dai ka dubi don wa aka yi. A Turai ana watsa gishiri a kan hanya lokacin ƙanƙara, gishirin nan shi ke cin ƙasan mota. Sannan dokarsu tana matsa wa kamfanoni su rage hayaƙi, mai kuma da tsada. Mu nan Yamai wata takwas ba ɗigon ruwa, ba teku, ba gishiri. Prado ɗinka ta shekara tara a hannunka, tsatsa ta taɓa hana ka tafiya? Amfanin da dillali ya fi yi maka talla da shi, shi ne wanda ba ka da buƙatarsa sosai.

Mai kuma mu yi lissafi. Abin da aka saba ɗauka shi ne kowane kilo 100 da aka rage yana rage kamar sulusin lita a kilomita 100. Ko mun ba ta kilo 400 cif, lita ɗaya da ɗan wani abu ke nan. Yamai zuwa Tawa da dawowa wajen kilomita 1100 ne, ka ce lita 15. A lita kusan dala ɗari, jika bakwai ko takwas ka tsira da su a tafiya guda. Kuɗi ne, amma ƙofa ɗaya za ta cinye na shekaru.

Zafi kada ya dame ka. Gaskiya ne alminiyom ya fi ƙarfe saurin ɗaukar zafi, amma haka yake saurin sakinsa, kuma tsakaninka da shi akwai rufi mai kauri. Abin da ke dafa mutum a Afrilu gilashi ne da launin mota. In tana da rufin gilashi kuma baƙa ce, wannan ya fi zama abin dubawa.

Abu na ƙarshe: su kansu masu ƙerawa sun sassauta. A8 ta 2017 alminiyom ɗin gangar jikinta ya koma kashi 58 cikin ɗari, aka dawo da ƙarfe mai tauri kewayen inda mutane ke zama. Ta ɗaya gefen kuma Land Cruiser 300 ta 2021, wadda mutanenmu suka yarda da ita, kapo da rufi da ƙofofinta alminiyom ne a kan shasi na ƙarfe, ta ragu da kilo 200. Ko ka guje shi bana, yana nan tafe cikin motar da za ka saya gaba. Ni abin da ke damuna shi ne yaran da muke koyarwa har yanzu shalimo da karbir muke ba su.

Direba Ba'adare, Tawa, ya rubuta:

Alhaji ina gaisuwa, Baba ina gaisuwa. Ni ban yi karatun Malam ba, amma na tuƙa motar gorar ruwa, wato alminiyom, tun kahin a hwara kiranta abin manya. Zamanin proje Keita na raya karkara, da aka hwara a 1984, Land Rover 109 ce a hannuna, muna hawan duwatsun Adar da ita kullum. Wani bature makaniki ya taɓa gaya mini tun 1948 da gorar ruwa aka yi jikinta, don bayan yaƙi ƙarhe ya yi wuya a Ingila. Ba don gayu ba ne.

Wagga mota har yanzu akwai gawarta bayan wani gida nan Tawa, awaki na kwana ƙarƙashi. Ka je ka shahwa jikin, lahiya lau yake, fenti ne kawai rana ta cinye. Abin da ya ci shi ne ƙarhen: ƙasan ƙohwa inda tolar ta naɗe ƙashin ƙarhe, da gindin bulon, nan ne ka ga hwarin garin da Baba ya ce.

Zancen gargada, ga abin da idona ya gani. Gorar ruwa ba ta son girgiza mai yawa. Ƙarhe in bai ji nauyin da ya hi ƙarhinshi ba sai ya yi ta haƙuri, ita kuwa tana tara gajiya, wata rana sai ka ga tsaga siririya kamar gashi ta taso daga bakin rifit. Mukan huda ɗan rami a ƙarshen tsagar don ta tsaya, mu ɗora hwaci mu buga rifit. Yini ɗaya an gama, don waccan tola shimhiɗaɗɗa ce kuma shasi ke ɗauke da nauyi. Ta yanzu na san an gina ta da lissahi mai yawa, ban ce za ta tsage maka ba. Amma in hanyarka ta wuce Tawa ta nuhi Abalak da Agadas, ka san yadda wagga kwalta ta koma, a riƙa ɗaga ta ana dubawa.

A rairayi kuwa sauƙin nauyi ni'ima ne. Mota mai nauyi nutsewa take, mai sauƙi in ka rage iskar taya sai ta bi sama. Wannan na yarda da shi ɗari bisa ɗari.

Amma Alhaji, tsakani da Allah, a hanya ba jikin mota ke tsaida mutum ba. Ƙahwahun nan nata masu hawa da sauka da iska, da kwamfutocin da ke cikinta, in ɗaya ya ƙi tsakanin Dogon Dutsi da Ƙonni da dare, wa za ka kira? Prado ko yaron garaji na Badagishiri ya san cikinta. In ka saya, kada ka saida Prado.

Hajiya Mai Kayan Mota ta rubuta:

Alhaji, ni ta gefen kaya zan yi magana, shi ne sana'ata. Ƙofar Toyota ko fiffikenta, in ka shiga Ferai da safe, da wuya ka fito hannu wofi. Na irin motar da kake magana sai an yi oda. Da ta Kwatano muke kawowa, tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 kaya sai sun zaga ta Lome da Burkina, ana jiran rakiya, ba wanda zai yanka maka rana. Jirgin sama ya fi sauri, amma ƙofa ba nauyinta ake biya ba, girman akwatinta ake biya. Kuma a tafiya ma tana lotsawa in ba a yi mata akwatin katako ba. Na taɓa karɓar kapo da ya iso da lotsawa biyu, mai shi ya ƙi karɓa, asarar ta zama tawa.

Sannan ka je wurin masu asirans kafin ka biya, ba bayan ka biya ba. Wadda yawancinmu ke yanka, motar wanda ka buga take gyarawa, ba taka ba. Ɗan kabu-kabun da zai goga maka kuwa sai dai ya ba ka haƙuri. Ka tambaye su ko suna karɓar mota mai waɗannan shekaru a cikakkiyar asirans, da nawa, kuma wane garaji za su tura ka.

Ka yi tunanin ranar sayarwa ma. Arahar da ta ja ka yau, ita za ta jira ka ranar da kake son fita.

Ɗan Galmi ya rubuta:

Allah ya saka muku da alheri, kowa ya ba ni abin da kuɗi ba ya saye. Baba, sai yau na gane abin da na gani a ranar nan, shekara biyu ina ɗauka ganganci ne kawai. Tolyen nan tun lokacin ban koma wurinsa ba, gobe in sha Allah zan bi in gaishe shi. Ita ƙofar da ta ƙone, wani mai zuba tukwane na Katako ne ya saye ta a kilo, ya ce irin wannan ba ta kwana a wurinsu.

Na kira dillali na ce Asabar ba amsa zan kawo ba, dubawa zan zo yi, kuma sai an ɗaga ta sama. Ya ɗan yi jim, sannan ya ce to. Na kuma ce ya nemo mini takardun gyaranta na Baljik. Prado ba zan sayar ba, Malam Direba, na ji. In wannan ta fito da tsabta kuma masu asirans suka karɓa, zan saye ta don cikin gari da kwalta zuwa Ƙonni, gona da Tawa kuwa Prado. In aka ga an taɓa ƙashinta, na haƙura.

Baba, wata alfarma: ma'aunin fentin nan ba ni da shi, kuma ko an ba ni ban san karatunsa ba. Za ka iya zuwa ka duba mini, in biya ka ladan yininka?

Baba Tolye ya rubuta:

Zan zo, Alhaji. Ka turo wa yaron nan saƙo ta gefe ya gaya maka inda za ka ɗauke ni. Ka ce wa dillali kada a wanke ƙasanta kuma kada a fesa mata baƙin fenti ko mai kafin mu iso, yadda take nake son ganinta. Mu je da hantsi, hasken rana a kaikaice ya fi nuna inda aka yi mastik. Ka zo da tocila mai ƙarfi da tabarma, zan kawo ma'auni da madubin leƙe. A ba mu awa biyu, kuma a cire tayoyin gaba.